Shuɗi da Kore a Birnin Kustantiniya

A Janairun shekarar 532, 'yan kallon tseren keken dawaki suka cinna wa birnin Kustantiniya wuta, Istambul ta yau, har babbar majami'arsa ta ƙone ƙurmus. Ƙungiyoyi biyu ne suka raba birnin, Shuɗaye da Koraye, kowacce ta ari sunanta daga launin rigar matuƙanta.

Na daɗe ina tambayar abin da zai sa mutum ya zubar da jini saboda dokin da ba nasa ba. A ganina, amsar tana cikin filin tseren. Nan ne talaka ke ganin sarki ido da ido, ya ɗaga murya a saurare shi. Wanda ba shi da gona, ba shi da sarauta, launi ya ba shi dangi da wurin zama. Idan aka kushe launin, shi aka zaga.

Abin mamaki, da mutum biyu da aka yanke wa hukuncin rataya suka kuɓuta, ɗaya Shuɗi ɗaya Kore, sai abokan gabar suka haɗa kai, suka nemi afuwa. Sarki Jastiniyan bai amsa ba, suka naɗa Haifatiyus a madadinsa.

Haɗin bai yi ƙarko ba. Bafadan sarki, Narsis, ya shiga filin da zinariya, ya tuna wa Shuɗaye cewa Jastiniyan nasu ne. Suka zare jiki. Sojoji suka tare ƙofofi, aka kashe kimanin mutum 30,000.