Nazari Kan Nisan Sama da Nisan Ƙasa Tsakanin Filayen Jirgin Saman Maraɗi da Damagaram

Wannan maƙala ta auna nisan da ke tsakanin filin jirgin saman Maraɗi da na Damagaram ta fuska biyu, wato ta sararin sama da kuma ta kwalta, don gano abin da kowane awo yake nufi ga mutanen gundumomin Tasawa da Mayahi. An yi lissafin ne da alƙaluman taswira da tsawon hanyar ƙasa mai lamba 1.

Idan aka ja miƙaƙƙen layi daga wannan fili zuwa wancan, za a sami kilomita 200 da 'yan kai. Jirgi mai farfela irin Fokker 50, wanda kamfanin Niger Airlines ya fara jigila da shi a 2014, yana cin kusan kilomita 500 a awa, don haka ba zai kai awa guda a sama ba. Mota kuwa sai ta shafe kimanin kilomita 235, domin kwaltar ba ta miƙe ba. Daga Maraɗi takan bi ta Cadawa da Agye har Gazawa, can ta karya arewa ta shiga Tasawa, sannan ta nufi gabas ta Maijirgi da Takeita. Rarar ba ta wuce kilomita 30 da wani abu ba, abin da ke nuna cewa hanyar ba ta yi wani mugun zagaye ba. Lokacin yana tafiya ne a wasu wuraren: shingen jandarma, wurin biyan kuɗin hanya, da cunkoson amalanke a garin da kasuwarsa ke ci. Tafiyar takan ɗauki awa uku zuwa huɗu.

Ga mutumin Tasawa wannan kwatance ba shi da wata fa'ida. Garinsa yana kusan tsakiyar hanya, kilomita 100 da ɗoriya daga kowane fili. Kafin ya isa Maraɗi ya yi awon kaya ya zauna jiran jirgin Damagaram, wanda suka bar tasha tare ya yi gabas tuni ya sauka a Damagaram ya sha fura.

Lamarin Mayahi ya fi wuya. Garin yana arewa da babbar hanya, a yankin Gulbin Kaba, kuma matafiyi sai ya gangaro Cadawa kafin ya kama hanyar Maraɗi, tafiyar da ta tasam ma kilomita 90. Mutumin ƙauyen da ke bayan Mayahi yana da ƙarin jigawa a gabansa, wadda babur ko amalanke ke ratsawa.

Inda jirgi ke da riba shi ne tafiyar Yamai. Daga Maraɗi kilomita kusan 540 ne ta sama, 660 ta ƙasa, wato wuni sur a cikin bas. Daga Damagaram hanyar ta kusa kilomita 900. 

Binciken ya nuna cewa filayen biyu ƙofofin Yamai ne, ba gadar da ta haɗa biranen biyu ba. Ya kamata mahukuntan jihar Maraɗi su ba da fifiko ga gyaran hanyoyin da ke fito da mutanen Mayahi da ƙauyukan Tasawa zuwa babbar kwalta.