Daga Kati Mai Huji Zuwa Fulofi: Ina Rubutunmu Yake Kwana?

 

Kwanakin baya muna kwashe kaya daga akwatin marigayi kawuna, sai na tsinci wani ɗan faifai baƙi mai kusurwa huɗu, an manna masa takarda da sunan wani labari da ya rubuta bai kai ga bugawa ba. Faifan fulofi ne. Na zaga shagunan kwamfuta har huɗu, babu mai na'urar da za ta buɗe shi. Wani yaro ma cewa ya yi: "Yaya, ai wannan alamar da ake dannawa ce in za a adana rubutu!" Shi ya sa na bi sawun tarihin abin.

Tun kafin a san faifai, da kati ake yi wa na'ura magana. A farkon ƙarni na 19, Joseph Jacquard na Faransa ya yi amfani da katuna masu huji wajen nuna wa masaƙa irin zanen da za ta fitar a jikin yadi. Daga baya Herman Hollerith ya ɗauki dabarar huji ya yi aikin ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 da ita. A 1928 kamfanin IBM ya fito da kati mai gurabe 80, wanda ya daɗe yana cin kasuwarsa.

Da aka samu harsunan tsara manhaja irin su FORTRAN a 1957, kowane kati layi guda yake ɗauka. Manhaja mai layi 500 kati 500 ke nan. Mutum zai huda katunansa, ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin kwamfuta, ya koma ya jira sa'o'i, wani lokaci har washegari. Idan harafi ɗaya ya kuskure, sai a sake sabon lale. Idan kuwa katunan suka zube ƙasa, ranar an shiga uku. Don haka masu wayo ke ja wa gefen damin katunan layi a karkace da alƙalami, domin su gane jerinsu.

A 1971 IBM ya fito da fulofi mai faɗin inci 8. Daga nan aka samu mai inci 5 da kwata, sannan na kamfanin Sony mai inci 3 da rabi, irin na kawuna. Wanda ya fi yaɗuwa megabait 1.44 kacal yake ɗauka, wato hoto ɗaya na wayar yanzu zai iya fin ƙarfinsa. Sony ya daina ƙera shi a 2011.

Ga inda darasin yake. A 1086 Sarki Wiliyam na Ingila ya sa aka rubuta littafin Domesday, ƙididdigar filaye da dukiyar ƙasarsa, a kan fata. Da littafin ya cika shekara 900 a 1986, BBC ta shirya irinsa na zamani a kan manyan faya-fayen leza, har 'yan makaranta suka ba da gudummawa. Ba a yi shekara 20 ba na'urorin karanta su suka yi ƙaranci, sai da masana suka sha wahala kafin a ceto aikin. Na fatar kuwa yana nan a ma'adanar tarihi ta Kew, ana karantawa. Mu ma shaida ne: rubuce-rubucen ajami na kakanninmu, ido da fitila kawai suke bukata.

'Yan uwa, yau labaranmu suna cikin waya, filashi da zaurukan WhatsApp. Mai fulofi ma gani yake ya adana. Duk abin da ka rubuta, ajiye shi wuri uku: a na'urarka, a intanet, sannan ka buga shi a takarda. Rigakafi ya fi magani.

Faifan kawu yana nan a aljihun teburina. Idan akwai mai tsohuwar kwamfutar da ke karɓar fulofi, don Allah ya yi mini magana. Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.