Daga Butar Kofi Zuwa Kusurwar Allo

Ɗan yayata ne ya same ni ran wata Asabar da yamma ina fama da fankar ɗaki da ta ƙi juyawa. Ya tsuguna ya gaishe ni, gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, har da tambayar lafiyar akuyar da ke ɗaure a tsakar gida. Nan na san da walakin goro a miya. Can sai ya ce, "Kawu, kyamara nake so ka taya ni zaɓa." Wai yana buga ƙwallo a gem, yana naɗar wasan yana ɗorawa, amma abokansa sun ce abin ba armashi tunda ba a ganin fuskarsa lokacin da aka zura masa. Ya miƙo mini wayarsa in ga yadda manya ke yi: wasa ya cika allo, can a kusurwa kuma ga ɗan akwati, da mutum a ciki yana ihu yana dafe kai.

Ni ya zaɓa saboda na taɓa tsaron shagon intanet a Kano wajen 2004, zamanin da ake sayen awa a ɗan tsinken takarda. A wurinsa wannan ya isa ya sa na zama masani. Na ajiye sukurdireba na ce ya ja kujera, domin wannan ɗan akwatin da yake gani yana da asali, kuma asalin ba fuskar mutum ba ce.

Butar kofi ce. A 1991, a sashen kwamfuta na Jami'ar Cambridge da ke Ingila, akwai buta guda da masu bincike da yawa ke sha daga cikinta. Waɗanda ofisoshinsu ke nesa sukan sauko da kofinsu a hannu su tarar an riga an shanye. Sai mutum biyu, Quentin Stafford-Fraser da Paul Jardetzky, suka kafa kyamara tana kallon butar, suka rubuta manhajar da ke aika ɗan hotonta, fari da baƙi, zuwa kwamfutocin abokan aikinsu, yana sabuntawa kamar sau uku a minti. A 1993 aka ɗora hoton a intanet, mutanen da ba su taɓa taka Cambridge ba suka riƙa leƙawa su ga ko buta ta cika. Sai a Agustan 2001 aka kashe kyamarar, butar kuma kafar labarai ta Spiegel ta Jamus ta saye ta a gwanjo kan fam 3,350. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, buta fa?" Na ce buta, kuma wadda ta riga ta lalace.

Kyamarar da ta shiga hannun jama'a kuwa ita ce QuickCam, da kamfanin Connectix ya fitar a 1994 a kan kusan dala 100. 'Yar dunƙulalliya ce kamar ƙwayar ido, hotonta ɗigo 320 a kwance da 240 a tsaye, babu launi. Logitech ya saye ta a 1998. Jikokinta ne muka ɗora a kan manyan kwamfutocin shagonmu masu ƙeya, don masu hira ta Yahoo Messenger.

Ba na manta wani dattijo da aka kawo don ya ga ɗansa da ke karatu a Masar. Ya sha babbar riga fara ƙal, ya gyara zaman hula, ya zauna gaban na'ura kamar wanda za a yi wa hoton fasfo. Hoton ɗan yana zuwa yana tsayawa, baki a buɗe, sai bayan daƙiƙa biyar ya motsa. Dattijon bai damu da wannan ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ɗan akwatin da ke nuna shi kansa: riga tana walƙiya, fuska kuwa babu sai haƙora da fararen idanu. Ya juyo ya ce mini, "Kai yaro, wane ne wannan baƙin?" Na ce shi ne, ranka ya daɗe. Ya ce a'a, a gyara. A ranar ban san yadda ake gyarawa ba. Sai daga baya na gane cewa kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta raba tsakani; in fari ya yi yawa sai ta runtse ido, fuskar irinmu kuma ta nutse. Matsalar ta girmi kwamfuta. Tun zamanin fim, katin da Kodak ke rabawa masu wankin hoto don daidaita launi, wanda ake kira katin Shirley, hoton Baturiya ne a kai.

A ɓangaren gem kuwa, kyamara ta jima tana shawagi ba ta samu mazauni ba. Nintendo ya fitar da ta Game Boy a 1998, Sony kuma ya kawo EyeToy a 2003 don PlayStation 2, inda mutum zai tsaya gaban talabijin yana kaɗa hannu. Amma waɗannan wasa ne ke kallon ɗan wasa, ba jama'a ba. Shi kuwa mai son nuna wa duniya gwanintarsa, bayan YouTube ya zo a 2005, abin da yakan yi shi ne ya kafa kyamara ta fuskanci talabijin. Hoto yana rawa, ratsi-ratsi na hawa da sauka, shi kansa ba a ganinsa sai dai inuwar ƙeyarsa a gilashi. Masu yi da kwamfuta suna naɗar allo da manhaja irin su Fraps, su ɗora murya a kai. Murya kawai.

Abin da ya juyo da kyamara shi ne ta samu wanda ya karɓe mata aiki. Da na'urorin naɗar wasa kai tsaye daga na'urar gem suka yi araha, ba a ƙara bukatar kyamara ta kalli talabijin ba, sai aka waiwayo da ita ga mai riƙe da hannun gem. Wasannin tsoro ne suka nuna amfanin hakan. A 2010 wani kamfanin Suwidin ya fitar da Amnesia, wasan da ba ka da makami, sai gudu da ɓuya cikin duhu. Wani matashi ɗan ƙasar, Felix Kjellberg, wanda aka fi sani da PewDiePie, ya riƙa buga shi yana kururuwa, daga baya da fuskarsa a kusurwa. Zuwa Agustan 2013 babu wanda ya kai shi mabiya a YouTube. Ba don ya fi kowa iya wasa ba ne. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya san sirrin: in aka ci Arsenal a mintin ƙarshe, rabin ɗakin ba talabijin suke kallo ba, fuskar mai shayin nan ɗan Arsenal suke nema.

A gefe guda kuma abubuwa suna ta zuwa a jere. Wani mai suna Justin Kan ya ɗaura kyamara a hularsa a 2007 yana yaɗa rayuwarsa dare da rana a Justin.tv, sashen gem na shafin ya fi sauran cika, aka ware shi a 2011 aka sa masa suna Twitch, Amazon kuma ya saye shi a 2014 kan dala miliyan 970. A 2012 manhajar OBS ta fito, kyauta, wadda ke ba kowa damar ɗora hoton kyamara a kan hoton wasa ya ja shi duk kusurwar da ya so. A shekarar ce kuma Logitech ya fitar da C920, wadda ta zama tamkar Honda a hannun 'yan acaɓa: ba ita ce ƙarshen kyau ba, amma kowa ita yake da ita.

Sai gasa ta shigo. A 2017 Elgato ya kawo Cam Link, ɗan abu kamar filash, da ke sa kwamfuta ta karɓi babbar kyamarar masu ɗaukar hoto. Nan aka fara ganin fuska tar, bayanta kuma dishi-dishi kamar a fim. Wahalar ita ce ba don zaman awa shida aka ƙera irin waɗannan kyamarori ba. Wasu su yi zafi su mutu, batir ya ƙare a tsakiyar wasa sai an nemi na jabu mai haɗe da soket, da yawa kuma in ana naɗa a cikinsu sukan tsaya kafin minti 30, saboda harajin da Tarayyar Turai ke ɗora wa kyamarar bidiyo a lokacin. Da korona ta zo a 2020, kowa ya koma aiki daga gida, ƙananan kyamarori suka yi ɓatan dabo a kasuwa, sai Canon ya saki manhajar da ke haɗa kyamarorinsa da kwamfuta ta wayar USB kawai, sauran kamfanoni suka bi. Mutane da yawa kuma a lokacin ne suka tuna cewa wayar da ke aljihunsu ta fi kyamarar da suke nema gani. A Japan ma wasu sun bi wata hanya dabam tun zamanin Kizuna AI a 2016: na'ura tana bin motsin mutum, amma zanen katun ne ke fitowa a allo.

Ɗan yayata ya haƙura ya saurara har nan, sannan ya ce, "To Kawu, 4K zan saya ke nan?" Na karɓi wayarsa na ɗora babban yatsana a kan akwatin da ke kusurwa. Farcena ya rufe mutumin ruf. Na ce masa duk wanda zai kalle shi a waya zai kalla, da data mai tsada, kuma iyakar girman fuskarsa ke nan. Ƙananan kyamarori idonsu ƙanƙane ne. In ɗaki ya yi duhu hoto sai ya cika da ƙura, ko me aka rubuta a kwali. Haske za mu saya, da abin magana, domin mutum zai jure hoto mai dishi-dishi amma ba zai jure murya kamar daga cikin randa ba.

Washegari muka shiga kasuwar waya. Wani mai shago ya fito mana da kwali an rubuta 4K da manyan baƙaƙe, babu sunan kamfani ko ɗaya a jiki, yana rantsuwa cewa irinta Turawa ke amfani da ita. Na ce a jona mu gani. Ya ce kwamfutarsa ba caji. Muka wuce. Muka sayi ƙafar ɗora waya, da fitila mai zobe wadda ake caji, da ɗan makirfo na maƙalawa a wuyan riga. Kyamara kuwa tsohuwar wayar mahaifiyarsa ce, mai tsagaggen gilashi, amma idonta na baya lafiya lau.

A gida na sa ya juya tebur ya fuskanci taga maimakon ya ba ta baya, na sa ya cire farar rigarsa ya sa shuɗiya. Na danna fuskarsa a allon wayar na riƙe har hasken ya kulle, don kada ya riƙa canzawa duk lokacin da filin wasa ya haska. Ya leƙa ya ga kansa, ya yi murmushi ya gyara zama, irin gyaran da dattijon nan ya yi shekara ashirin da suka wuce.

Da ya fara wasa, ana minti na 70 aka zura masa ta uku. Ya miƙe tsaye har kansa ya fita daga akwatin, sai ciki da hannuwa kawai ake gani suna yawo. A daidai nan muryar yayata ta ratso labule, makirfon kuma ya kama ta tsaf: "Wai ba da kai nake ba? Ka tashi ka kai niƙa kafin su rufe!" Ya so ya yanke wurin. Na ce ya bari.

Da daddare ya turo mini saƙo: "Kawu, kowa Umma yake tambaya. Wai yaushe za ta sake fitowa."