Ƙarar da ta kori gajeren zango daga Briqueterie

Masu gyaran rediyo na farko a unguwar Briqueterie da ke Yawunde ba su san wata doka a kan ƙarar lantarki ba, ba su kuma bukace ta ba. Maigidan da ya koya mini aiki ƙara iri biyu kawai ya sani: ta sama da ta titi. Ta sama ita ce ƙas-ƙas ɗin da walƙiya ke jefawa cikin rediyo, kuma garin da ke ganin damina biyu a shekara ba ya rabuwa da ita. Ta titi kuwa fulogin mota ko na babur ne, za ka ji tat-tat-tat tana ƙaruwa, tana wucewa ta tafi da abinta. Duka biyun haƙuri ne maganinsu.

A wancan zamani Bahaushen Yawunde da gajeren zango yake rayuwa. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Ga Rediyon Kaduna a mita 49 da mita 60, ga Garwa ita ma a mita 60. Ɗan kasuwar da ya baro Kano ko Maraɗi da shekaru yakan ɗaura waya a kan kwanon ɗaki, bayan sallar isha'i ya ji labarin gida. Ƙaramin rediyo mai batir ya wadatar.

Ƙarar cikin gida ta fara ne daga teloli, kuma duk wanda ya san unguwar nan ya san yawansu. Da aka fara ɗaura wa keken ɗinki mota, gawayin da ke cikin motar yana tartsatsi duk lokacin da aka taka, tartsatsin kuma ya bi wayar wuta ya shiga maƙwabta. Doguwar fitila mai sitata ta zo ta ƙara nata. Da talabijin ta iso Kamaru a 1985 sai ƙarar ta zama abin gani da ido: tela ya taka keke, farare-fararen layuka su ratsa fuskar mai karanta labarai. Wannan mun iya da ita. Ka ɗaura ɗan kafasita a bakin motar da dalma, rigimar maƙwabta ta mutu.

Abin da muke yi da hannu, Turawa sun daɗe da mai da shi doka. A 1934 wani kwamitin ƙasa da ƙasa mai suna CISPR ya fara zama a Faris don a daidaita yadda ake auna ƙarar da na'urori ke yi wa rediyo. Amurka ta sa wa kwamfutoci iyaka a 1979. Turai ta kafa dokarta a 1989, ta zama tilas daga farkon 1996, kuma tambarin CE da ke bayan kaya yana cikin shaidar bin ta. Dokar fuska biyu gare ta: kada na'urarka ta dami ta wani, kada kuma ta rikice don wani ya dame ta. Ƙarar da ke bin waya ana auna ta daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30, wanda ya haɗiye matsakaicin zango da gajeren zango baki ɗaya.

A shekarar 2000 abubuwa biyu suka faru. Gwamnati ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa gidajen rediyo, FM ta cika gari. Wayar salula kuma ta bazu ta hannun MTN da kamfanin da daga baya ya koma Orange. Kowa ya tuna dit-dit-dit ɗin da lasifikar masallaci ke yi kafin wayar liman ta yi ringin. Wayar GSM tana aika saƙonta ne a gutsure, sau 217 a daƙiƙa, amfilifaya marar kariya kuwa sai ta kama wannan bugun ta fitar da shi. Mutane dariya suka yi ta yi. A ganina ba wayar ce ta yi ɓarnar ba, cajarta ce.

Tsohuwar adafta tiransifoma ce mai nauyi, tana aiki da bugun wutar gari, sau 50 a daƙiƙa, shiru abinta. Ta zamani kuwa tana datse wuta tana saki sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, shi ya sa ta yi ƙanƙanta ta yi araha. Kowace datsewa tana haifar da ƙara da ke hawa har cikin zangon rediyo, wayar wutar gidan kuma ta zame mata eriya. Injiniyan da ya zana ta ya san haka, ya tanadi matata a bakin shigar wuta: kwayil ɗaya da kafasita biyu ko uku. To, fasa cajar da aka sayo a kasuwar Mokolo ka duba. Sau da yawa za ka tarar da zanen gurbin kwayil a kan allon, har da lambarsa, amma ramukan fayau, an haɗe su da guntun waya. Cajar tana caji lafiya lau, mai saye ba zai taɓa sani ba. A bayanta kuma ga CE ɓaro-ɓaro, domin a yawancin irin waɗannan kaya mai ƙerawa ne da kansa yake shaida cewa ya cika ƙa'ida. Haka ƙwan LED, haka inbata, haka dikoda. Gida ɗaya a Briqueterie, mai ɗakunan haya a jere, zai iya tara irinsu da yawa a kan layin wuta guda.

Wani dattijo ya taɓa kawo mini rediyonsa yana cewa, "Yaro, abin nan ya tsufa, shuu kawai yake yi."

Na ce, "Baba, rediyonka ƙalau yake. Bari kamfanin lantarki na Eneo ya ɗauke wuta, ka kunna shi da batir."

Ya dawo yana mamaki. Da unguwa ta yi duhu, Landan ta fito tas kamar a ɗaki na gaba, har zuwa lokacin da masu janareto suka tayar da nasu. Da yawa daga cikin waɗanda suka ajiye gajeren zango sun ɗauka tashoshin ne suka yi rauni. Wasu tashoshin sun rage watsawa, gaskiya ne, amma wanda ya rage ma ƙarar ɗakinsu ce ta binne shi.

Ba a ce Kamaru ba ta da hukumomi ba. An kafa ART, mai kula da sadarwa, a 1998, ita ke amincewa da wayoyi da na'urorin watsawa kafin a sayar. ANOR mai kula da ingancin kaya ta zo a 2009, tun 2016 kuma akwai tsarin duba kaya tun kafin a loda su zuwa Duwala. Sai dai hankalin mai kula da sadarwa yana kan abin da aka ƙera don ya watsa. Ƙwan fitila ba a ƙera shi don haka ba, yana watsawa ne kawai. Kayan da ke shigowa cikin jakar matafiyi daga Dubai ko Gwanzu, ko ta iyakar Najeriya, takarda ba ta riskar su.

Mu a bakin teburin gyara mun ƙirƙiro namu awon. Ka kunna rediyo a matsakaicin zango inda babu tasha, ka matso da shi kusa da cajar da ke kan wuta, kunnenka zai ba ka hukunci. Da can mukan ce wa masu saye su jinjina caja a hannu, mai nauyi ita ce mai cikakkun kaya. Wannan shawara ta daina aiki, domin yanzu akan fasa wata a tarar an manna guntun ƙarfe a cikin murfin.