Daga En'e Zuwa Kansila: Tarihin Zaɓaɓɓun Wakilai a Mancok

Manufar wannan maƙala ita ce duba aikin zaɓaɓɓun wakilai a mulkin ƙaramar hukuma, ta hanyar bin kalmomin da Hausa ta ara don kiran masu iko. An ɗauki Mancok, hedkwatar masarautar Marwa a Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, domin tarihinta ya bambanta da na ƙasashen sarakunan Fulani.

A zamanin Turawa, Marwa da Kagoro da Jaba gundumomi ne masu cin gashin kansu, ba sa ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Kalmar mulki a lokacin ita ce En'e, wadda ta ƙunshi haraji da kotu da 'yan doka da gidan yari. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe ukun na ƙarshe. Gyaran 1976 kuwa ya mai da sarakuna masu ba da shawara, ya miƙa mulki ga majalisa. Abin lura shi ne, a wuri kamar Kano gyaran ya rage wa babban sarki ƙarfi ne, amma a Mancok ya raba iko da sarautar da jama'a suke gani alamar 'yancinsu ce.

Daga nan kalmomin ciyaman da kansila suka kama bakin jama'a, musamman da yake Hausa ce harshen da ya haɗa ƙabilun yankin a kasuwa da dandalin siyasa. Sai dai ma'anar kansila ba ta zauna wuri ɗaya ba. Da farko shi da ciyaman majalisa ɗaya suke zama. A 1991 gwamnatin Babangida ta raba aikin: ciyaman ya zama mai zartarwa, kansiloli suka zama masu yin dokoki da amincewa da kasafin kuɗi. Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, kamar kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da lasisin keke da baro. Amma a bakin talaka, kansila shi ne wanda ake buga wa ƙofa idan kuɗin makaranta ko na asibiti ya gagara. Wannan ma'ana, a ganina, ta fi ta takarda ƙarfi, kuma ya kamata masu ƙamus su lura da ita.

Kalmar da ta fi ban sha'awa ita ce kantoma. Asalinta sunan jami'in Bature ne mai kula da barikin gari, ya kamata a ce ta tafi tare da Turawa. Ba ta tafi ba, domin sojoji, daga baya kuma gwamnoni, sun riƙa rushe zaɓaɓɓun majalisu suna naɗa nasu, ko da yake sashe na 7 na Tsarin Mulki ya tanadi zaɓe. Asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya ƙara ɗaure hannun waɗanda aka zaɓa ɗin ma. Jihar Kaduna ta gwada zaɓen ƙananan hukumominta 23 da na'ura a 2018. Ranar 11 ga Yuli, 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa naɗa kantomomi ya saɓa wa Tsarin Mulki, kuma a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, amma waɗanda ke da zaɓaɓɓun shugabanni kawai.