Kyaftin Boycott: Mutumin da Sunansa Ya Koma Kalma

Duk mai sauraron labarai da Turanci ya sha jin kalmar boycott, wadda 'yan jaridarmu kan fassara da ƙauracewa. Sai dai da yawa daga cikin masu furta ta ba su san cewa sunan wani mutum ne ba, mutum kuwa da ya ga rana irin wadda ba a fatan maƙiyi ya gani.

Charles Cunningham Boycott Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a 1832. Ya taɓa aikin soja, daga nan ya samo laƙabin Kyaftin, sannan ya zauna a yankin Mayo da ke yammacin Ailan, yana wakiltar wani mai ƙasa da ake kira Lord Erne. Aikinsa karɓar kuɗin hayar gona, da korar wanda ya gaza biya. A wancan zamani yawancin gonakin Ailan suna hannun wasu 'yan tsirarun attajirai ne, wasunsu ma ba sa zaune a ƙasar, talaka kuwa sai dai ya noma ya biya.

Damina ta yi ta gardama a ƙarshen shekarun 1870, har yunwa ta leƙo. A 1879 aka kafa ƙungiyar kare manoma 'yan haya, Charles Stewart Parnell yana shugabanta. A 1880 Lord Erne ya yarda ya rage kashi 10 cikin ɗari na haya, manoma suka ce sai dai 25. Aka ƙi, Boycott kuma ya nemi takardar korar mutum 11.

Ana cikin haka, ranar 19 ga Satumba, 1880, Parnell ya yi jawabi a garin Ennis. Ya tambayi taro me za a yi wa wanda ya karɓi gonar da aka kori ɗan'uwansa daga ciki. Wasu suka ce a harbe shi. Parnell ya ce a'a, a guje shi a hanya da kasuwa da wurin ibada, kamar yadda mutanen da ke gudun kuturu. Ba Boycott yake nufi ba, amma a kansa dabarar ta fara faɗawa.

Kwanaki kaɗan bayan haka mata suka fatattaki mai kai takardun kora, suna jifarsa da duwatsu da taɓo. Washegari 'yan ƙodagon gonar Kyaftin suka watse. Maƙeri ya daina yi masa aiki, mai wanki ta daina zuwa, yaron da ke kawo wasiƙa ya ɗauke ƙafa, masu kanti suka ƙi sayar masa da ko allura. Babu wanda ya taɓa lafiyarsa. Ga amfanin gona ya nuna, ga ba mai girbi.

Sai ya rubuta wa jaridar Times ta Landan kukansa, kuma a ganina nan ya yi wa kansa, domin wasiƙar ce ta kai sunansa duniya. A watan Nuwamba 'yan sa-kai 50 suka zo daga Cavan da Monaghan don su girbe masa, sojoji da 'yan sanda wajen 1,000 suna gadinsu. An ƙiyasta cewa an kashe kusan fam 10,000 don a ceto amfanin da bai wuce na fam 500 ba. Ranar 1 ga Disamba ya bar Ailan.

To, wa ya mayar da sunan kalma? Wani ɗan jaridar Amurka, James Redpath, ya ba da labarin cewa suna hira ne da limamin cocin yankin, Fada John O'Malley, suna neman sunan da za su raɗa wa abin. Turanci na da kalmar ostracism, amma ta yi wa manomi nauyi a baki. Limamin ya ce a yi amfani da sunan Kyaftin kawai. Kafin shekarar ta ƙare jaridun Landan sun ɗauka, daga baya Faransanci da Jamusanci da Rashanci duk suka ara. Marubuci na iya koyon wani abu a nan: limamin ƙauye ya fi masu ƙamus sanin abin da harshen jama'arsa zai iya ɗauka.

Ma'anarta kuma ta yi ta faɗi. Da farko mutum ɗaya ake gudu. Yanzu ana ƙaurace wa kaya, ko kamfani, ko ƙasa. Baƙaƙen fatar Montgomery a Amurka sun ƙi shiga bas daga Disambar 1955 har kwana 381. A nan gida ma, a zaɓen tarayya na Disambar 1964, ƙawancen UPGA, wanda NEPU ke ciki, ya yi kiran a ƙaurace wa akwati.

Manoman Ailan sun samu dokar 1881 da ta ba su damar kai ƙarar haya gaban kotu. Shi kuwa Kyaftin, da ya ziyarci Amurka a wannan shekara, sai ya ɓoye sunansa ya yi tafiyar a matsayin Charles Cunningham, amma 'yan jarida suka gano shi. Ya mutu a Ingila a 1897, yana kan aikinsa na wakilcin mai ƙasa.