Kafin Wuƙa Ta Shiga Ƙirji

Duk wanda ya koyi tiyatar ƙirji ya ji labarin 1933, shekarar da Evarts Graham ya cire huhu guda sukutum na wani likita mai ciwon daji a St. Louis ta Amurka. Majinyacin ya ƙara shekara 30 a duniya. Graham kuwa, mashayin taba ne, ciwon dajin huhun ya yi ajalinsa a 1957.

Sai dai magabatanmu sun lura wuƙa na da iyaka. Idan ciwon ya kama kaluluwar tsakiyar ƙirji, ko an yanke, galibi dawowa yake yi. A 1961 Shaw da Paulson suka nuna amfanin gasa ƙarin da ke can saman huhu kafin a yanka. A 1994 bincike biyu, na Rosell a Sifen da na Roth a Amurka, kowanne da majinyata 60, suka nuna waɗanda aka fara yi wa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, kafin tiyata sun fi daɗewa a raye. A 2022 aka amince da haɗa kemo da nivolumab, mai zaburar da garkuwar jiki, kafin tiyata. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu, in an duba naman da aka cire, ba a samun ƙwayar ciwon da rai.

Mu masu riƙe almakashi aikinmu ya ƙara wuya. Magani kan bar tabo, kaluluwa ta manne wa jijiyar huhu kamar danƙo. Kana ɓanɓarewa kana salati, don jijiyar ba kauri gare ta ba, in ta yage sai ka ce tulu aka fasa.

Duk wannan ga wanda ya zo da wuri ke nan. Manomin Illo ko Tsamiya, a yankin Bagudo, da tari ya sa a gaba, kemis zai fara zuwa, sai jiƙo, wani ma ya tsallaka iyaka zuwa Segbana neman magani. Daga nan a ɗora shi kan maganin tarin fuka wata shida. Kafin ya isa Birnin Kebbi, a tura shi Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ciwon ya bazu, bakin alƙalami ya bushe.

Ma'aikatan lafiya na Bagudo, roƙona ɗaya ne: mai tarin da gwajin majina bai nuna tarin fuka ba, ko ya sha magani wata biyu babu sauƙi, ku turo shi a ɗauki hoton ƙirjinsa tun da sauran dama.